AMSOSHIN TAMBAYOYINKU: Tarihin Rabon Sabis ɗin Wayar Salula a Nijeriya

 A wannan mako wasiƙa guda ce tak muka ɗauko, domin amsarta tana da ɗan tsawo, kuma abin da ta ƙunsa ya shafi kusan duk wani manomi ko ɗan kasuwa da ke riƙe da waya a aljihunsa.

TAMBAYA: Wani manomin rani daga Kura, wanda kuma yakan ɗan taɓa fataucin tumatir, ya rubuto mana cewa a kakar da ta wuce ya kai kwandunansa kasuwar Kwanar Gafan, suka yi ciniki da wani mai saye da zai yi lodi zuwa Kudu, amma tun hantsi har la'asar kuɗi suka ƙi shigowa ta waya, kira ma ba ya shiga. Kafin sabis ya daidaita rana ta taɓa kayan, ala tilas ya karya farashi. Ya ce abin mamaki kuma, da zarar dare ya raba sai waya ta riƙa gudu, har ma a sayar da data da araha. To yana so ya san wane ne ke raba sabis ɗin nan, kuma tun yaushe? Shin da gaske ne masu kuɗi ake fara ba wa? Sa'an nan me ya sa ake cire masa kuɗi a kati na abin da bai san ya saya ba?

AMSA: To malam, da farko muna yi maka jaje, Allah Ya mayar da alheri. Amsar tambayarka kuwa rabinta tana bakin gonarka, don haka daga can za mu faro.

Kamar yadda ka sani, an kammala madatsar ruwa ta Tiga a shekarar 1974, aikin da aka faro zamanin Gwamna Audu Baƙo, kuma tun daga 1976 Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ce aka kafa don kula da irin waɗannan ayyuka. Ruwan yakan taso daga Tiga ta babbar kanal, ya biyo ta Ruwan Kanya, daga bisani ya rabu, wani ya nufi wajen Kadawa da Kura, wani ya yi wajen Bunkure, har ya iso 'yar ƙaramar magudanar da ke ba gonarka. Kome yawan ruwan da ke Tiga, abin da zai iso gare ka bai wuce faɗin kanal ba. Shi ya sa aka yi ƙofofi, aka tsara kamu, yau wannan ɓangare gobe wancan. Ka kuma san cewa wanda gonarsa ke kusa da ƙofa ba ya kwana da fargabar da na can wutsiya ke kwana da ita, musamman in kachala ta toshe hanya. To haka lamarin waya yake. Maganarka tana bin hanya ne mai iyakar faɗi, tana da ƙofofi, tana kuma da masu tsaron ƙofa.

Ita wannan hanya a cikin iska take, kuma duk mai sauraron rediyo ya san ta. Ai ka saba murɗa akwatinka a kan mita 49 ko 41 ko 31, ka kuma san yadda in tashoshi biyu suka hau mita ɗaya ba ka jin kome sai hayaniya. Wayar salula ma 'yar ƙaramar tashar rediyo ce, tana magana da turken sadarwa mafi kusa da ita a kan wani zango na iska. Zangon nan ba a ƙera sabo, rabawa kawai ake yi, kuma gwamnatin tarayya ce ke riƙe da shi a madadin jama'a.

Kafin zuwan salula, ta waya zalla ake bi. A shekarar 1985 aka kafa kamfanin NITEL, bayan an haɗe sashen tarho na tsohuwar ma'aikatar gidan waya da kamfanin da ke kula da kiran ƙasashen waje. Har zuwa shekarar 2000 layukan tarho da ke aiki a duk faɗin Nijeriya ba su wuce dubu 400 da 'yan kai ba, a ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 100. Dattawa za su tuna cewa a wancan zamani mai son ya ji farashin kaya a Legas, sai ya bar Kura ko Bunkure ya shiga Kano, ya bi layi a inda ake buga waya, ko kuwa ya jira direbobi su dawo da labari. Samun layi a gida kuwa sai an cike takarda an yi ta jira, wani lokaci shekara da shekaru. Ita kuwa salular farko ta shekarun 1990, mai lamba 090, sai a hannun manyan attajirai da manyan ma'aikata. Wato ke nan a lokacin ƙofa a rufe take, kuma mabuɗinta na hannun kamfani guda.

Gwamnatin soja ta kafa Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, da doka mai lamba 75 ta shekarar 1992, amma ba a ga canji na sosai ba sai a watan Janairu na 2001, zamanin Shugaba Olusegun Obasanjo, lokacin da hukumar, a ƙarƙashin Injiniya Ernest Ndukwe, ta yi gwanjon zangon iska a Abuja. Kowane lasisi ya tashi a kan dalar Amurka miliyan 285. Kamfanonin MTN da Econet suka biya suka karɓa, aka kuma keɓe wa NITEL nasa a kan wannan farashi. Ka lura da kyau malam, wannan maƙudan kuɗi ba na turaku ba ne, ba na injuna ba ne, kuɗin izinin amfani da iska ne kawai, kamar dai a ce kuɗin haƙƙin haƙa kanal.

A watan Agusta na 2001 aka fara kira. Da yake turaku kaɗan ne masu so kuma da yawa, sai kamfanonin suka yi amfani da tsada a matsayin ƙofa. Layi kaɗai yakan kai wajen Naira dubu 20, kira kuma Naira 50 a minti, kuma ko gaisuwa kawai ka yi ka katse, kuɗin minti guda za a cire. Daga nan ne aka koyi yin filashin, aka kuma sami sana'ar masu tebur da lema a bakin tasha, waɗanda ake zuwa wurinsu a buga waya a biya. Ana nan sai kamfanin Globacom ya fito a watan Agusta na 2003 da lissafin sakan-sakan, sauran ma dole suka bi sahu, farashin layi ya yi ta faɗuwa har ya zama kusan kyauta. Ƙofa ta buɗe, jama'a suka kwararo, amma faɗin hanya bai ƙaru da irin wannan sauri ba. Asalin cunkoson da kake kuka da shi ke nan.

Yanzu bari mu leƙa cikin turken da kansa. A tsarin farko da ake kira 2G, kowane ɗan zango ana yanka shi gida takwas, ana ba kowace waya kamunta, ta yi magana ta yi shiru, ta sake yi, fiye da sau 200 a cikin sakan guda, ta yadda kunnenka ba zai taɓa jin giɓi ba. Kamu ne sak irin na ban-ruwa, sai dai wannan ya fi ƙiftawar ido sauri. In duk gurabun suka cika, wanda ya zo daga baya sai a ce masa ya sake gwadawa. A tsarin 3G da 4G ba a ware wa kowa gurbi na dindindin, akwai na'ura ce da ke raba faɗin hanyar ga duk wayoyin da ke wurin, in mutane suka yi yawa rabon kowa ya ragu. To turken da ke ba Kwanar Gafan ba ya kumbura don kaka ta zo. A ranar da dillalai da direbobi da 'yan dako da masu POS suka taru, kowa da wayarsa, wasu har biyu, abin da ke isar ƙauye a ranar da babu kowa shi ne za a raba wa dubban mutane.

Batun arahar dare kuwa, nan ne waya ta sha bamban da ruwa. Waɗanda suka tsara aikin noman rani na Kogin Kano sun yi tafkunan ajiya, inda ruwan da ya kwana yana gudu a kanal yake taruwa, da safe a sake shi ga manoma. Sabis ba ya tara kansa haka. Turken da ya kwana babu mai amfani da shi ya sha man dizal a banza, kuma abin da ba a yi amfani da shi da ƙarfe 2 na dare ba, ba za a iya adana shi zuwa azahar ba. Wannan ne dalilin da ya sa a shekarun 2000 aka fito da kiran dare kyauta, wanda ya hana samari da 'yan mata barci, kuma shi ne dalilin datar dare mai araha ta yanzu. Ba sadaka ba ce, dabara ce ta janye wasu daga rana zuwa dare, a kuma sami ɗan wani abu daga hanyar da ke zaune fayau.

Da garaɓasa ta yi yawa har sabis ya taɓarɓare, hukuma ta tsoma baki. A watan Mayu na 2012 NCC ta ci tarar manyan kamfanoni huɗu jimlar Naira biliyan 1.17 saboda rashin ingancin sabis, a watan Nuwamba na wannan shekara kuma ta dakatar da garaɓasa da gasar cin kyaututtuka. A 2014 ma ta hana uku daga cikinsu sayar da sabbin layuka na tsawon watan Maris. Ma'anar wannan ita ce, kada a ƙara buɗe sabbin gonaki alhali kanal ba ta ishi waɗanda ke akwai ba.

Su ma kamfanonin sun yi ta sayen ƙarin zango. A 2007 an sayar da lasisin 3G a kan dala miliyan 150 kowane ɗaya, manyan kamfanoni suka fara 4G a 2016, sa'an nan a watan Disamba na 2021 MTN da Mafab suka ci gwanjon 5G a kan dala miliyan 273.6 kowannensu. Sai dai akwai wani abu da ya kamata mutanen karkara su sani. Zangon da ke tafiya nesa, ya ratsa gonaki da ƙauyuka, ba shi da faɗi sosai. Wanda ke da faɗi, irin na 5G, ba ya nisa, sai an kafa turaku kusa da kusa. Saboda haka birane aka fara kai wa, har da birnin Kano tun a 2022, inda masu biya suke a cunkushe.

Har ila yau, turke ba shi ne ƙarshen hanya ba. Daga gare shi saƙo yakan bi ta iska ko ta kebul ɗin da aka binne a ƙasa zuwa Kano, ya wuce Legas, in na ƙasar waje ne ya bi kebul ɗin ƙarƙashin teku. A ranar 14 ga Maris 2024 huɗu daga cikin waɗannan kebul suka tsinke a tekun da ke daura da ƙasar Kwaddibuwa, intanet ta yi rauni a ƙasashen Afirka ta Yamma da dama, har wasu bankunan Nijeriya suka kasa aiki sosai. Banki ma yana da tasa hanyar da tasa ƙofar, kamar yadda kowa ya gani a farkon 2023 lokacin canjin kuɗi, da jama'a suka koma tura kuɗi ta waya gaba ɗaya, na'urorin bankuna suka kasa ɗauka. Don haka jinkirin kuɗinka na ranar nan yana iya zama daga turken kasuwa, ko daga bankin mai saye, ko daga naka.

To mu zo ga tambayarka ta biyu, shin ana fifita wasu? Amsa ita ce e, ana yi, amma ba yadda mutane suka ɗauka ba. Yawan kuɗin da ke cikin katinka ba ya sa a ba ka hanya kafin maƙwabcinka. Fifikon iri-iri ne. Na farko, na'ura takan ba magana gaba a kan kallon bidiyo, domin magana ba ta jure jinkiri, kuma kiran gaggawa na lamba 112 da layukan wasu ma'aikatan agaji da tsaro suna da matsayi na musamman a tsarin salula. Na biyu, bankuna da manyan kamfanoni da ma'aikatu sukan yi hayar hanya tasu ta kansu, su biya kuɗi mai yawa a wata, a ba su tabbacin faɗin da babu mai taɓa shi, kamar mai babbar gona da aka ja wa tasa magudanar daga bakin ƙofa. Na uku, irin datar da ake talla cewa ba ta da iyaka, galibi tana da wani ƙa'idajjen adadi, da zarar ka kai shi sai a matse maka ƙofa, ta riƙa tafiyar hawainiya. Haka nan datar da aka ce ta WhatsApp ce kaɗai ko ta Facebook, ƙofar a buɗe take ga wannan, a rufe ga sauran. Na huɗu kuwa, wanda ya fi duka tasiri, shi ne zaɓen inda za a kafa turke. Kamfani ɗan kasuwa ne, inda ya ga riba can yake zuba jari, kuma ai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Wannan batu na fifiko ba a Nijeriya kaɗai ake jayayya a kansa ba. A Amurka hukumar sadarwa ta kafa ƙa'ida a 2015 cewa kada kamfani ya buɗe wa mai biya hanya ta musamman ya matse sauran, aka soke ta a 2017, aka dawo da ita a 2024, kotu kuma ta rushe ta a watan Janairu na 2025. A Indiya kuwa, a 2016 hukuma ta hana wani shiri na Facebook da ke ba talakawa wasu zaɓaɓɓun shafuka kyauta, bisa hujjar cewa bai kamata kamfani ya zaɓa wa mutane abin da za su gani ba.

Mai tsaron ƙofar taka kuwa shi ne ɗan layin nan da ke cikin wayarka. A cikinsa akwai lambar sirri da ake tantance shi da ita kafin a bar ka ka shiga, sa'an nan wata na'ura ta duba asusunka ta ga ko kana da kati ko data, da kuma irin hidimar da ka biya. Daidai yake da dikodar gidan kallon ƙwallo, hoton yana nan yana sauka a kan kowane rufi, amma sai wanda ya biya kuɗin wata ake buɗe wa. Gwamnati ma ta ƙara nata makullan. A 2011 aka fara rajistar layuka, a watan Oktoba na 2015 aka ci tarar MTN Naira tiriliyan 1.04 kan layuka sama da miliyan 5 da ba a yi wa cikakkiyar rajista ba, daga baya aka sasanta a kan Naira biliyan 330. A watan Disamba na 2020 aka ba da umurnin haɗa kowane layi da lambar ɗan ƙasa ta NIN. A watan Satumba na 2021 kuwa an rufe sabis ɗungurungum a Jihar Zamfara da wasu sassan maƙwabtanta na wani lokaci saboda matsalar tsaro, inda 'yan kasuwa suka riƙa tafiya mai nisa don kawai su buga waya.

Saura tambayarka ta ƙarshe, ta kuɗin da ke zurarewa daga kati. Ban da kira da data, akwai wasu hidimomi na ƙari da ake sayarwa ta waya, kamar waƙar da mai kiranka ke ji, da sakamakon ƙwallo, da labarai, da gasa iri-iri. Yawancinsu wasu ƙananan kamfanoni ne ke shirya su, su raba kuɗin da mai layi. Da yawa kuma suna sabunta kansu kullum ko duk mako, ta yadda danna lamba ɗaya bisa kuskure, ko yaro ya ɗauki wayarka, ya isa ya buɗe ɓarakar da za ta yi ta tsiyaya wata da watanni. Ƙa'idar hukuma ita ce kada a sa mutum a irin wannan sai da yardarsa. Saboda yawan koke-koke, a 2016 NCC ta fito da lamba 2442, inda in ka aika kalmar STOP za a daina turo maka saƙonnin talla. Tun daga 2023 kuma aka daidaita gajerun lambobi a dukkan layuka: *310# don duba kati, *323# don duba data, *305# don dubawa da tsayar da irin waɗannan hidimomi, 300 kuma don magana da ma'aikatan kamfanin. In ka kai kuka ba a share maka hawaye ba, ka karɓi lambar ƙorafinka ka kira hukumar a kan 622, kyauta ne. Wannan ya ƙara zama dole yanzu, tun da a watan Janairu na 2025 an amince wa kamfanoni ƙarin farashi har zuwa kashi 50 cikin 100.

Shawararmu gare ka da sauran 'yan kasuwa ita ce, a ranar cin kasuwa a yi ƙoƙarin gama harkar kuɗi da sassafe kafin taro ya cika. A riƙe layi biyu na kamfanoni daban-daban, domin ba kasafai suke cunkushewa lokaci ɗaya ba. In manhajar banki ta ƙi buɗewa, a gwada gajerar lambar banki ta tauraro, wadda ba ta buƙatar data, ko da yake akwai ɗan kuɗin da ake cira. Kada kuma a saki kaya don an ga saƙon shigar kuɗi, sai an duba asusu an tabbatar.

Daga ƙarshe malam, ka tuna yadda ƙungiyoyin masu amfani da ruwa suke yi in ruwa ya kasa isa wutsiya: ba mutum ɗaya ke zuwa ofis ba, a ƙungiyance ake zuwa, da sunan ɓangare da ranakun da aka rasa ruwa. Dokar sadarwa ta 2003 ta tanadi asusu na musamman don kai sabis yankunan karkara da kamfanoni ba sa ɗokin zuwa, kuma NCC tana da ofishin shiyya a nan Kano. In shugabannin kasuwa da na manoma suka rubuta ranaku da sa'o'in da sabis ke ɗaukewa, suka kai wa kamfanonin da hukumar a rubuce tun kafin kaka ta kama, an fi saurin duba batun ƙara wa turke ƙarfi ko kafa wani, domin su ma kamfanonin duk kiran da bai shiga ba asararsu ce.